Motar Mai Wasiƙa

Shekara talatin da biyu Mai Wasiƙa ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi. Da ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama, bai nemi shawarar kowa ba ya je ya sayo mota shuɗiya mai ƙofa huɗu. Ta ɗan sha hannu, amma tana sheƙi kamar sabuwa.

Daga ranar gidan ya samu sababbin dokoki. Ba a jingina da mota, ba a cin komai a cikinta, kafin a shiga sai an kakkaɓe takalmi. Kullum da safe yakan fito da bokiti da tsumma uku, na gilashi daban, na jiki daban, na taya daban. Matarsa takan leƙo ta taga ta ce, "Maigida, in ka gama yi wa 'yar autar wanka, shayinka ya huce."

Ranar Lahadi su biyu ne kawai a ciki, kujerar baya wayam. In sun wuce 'yan ikilisiya suna takawa a ƙasa, sai ya danna musu ƙaho ya ɗaga hannu, yana ganin ya yi zumunci.

Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan attajirin nan da ya zo wurin Yesu yana son ya bi shi, amma ya koma da baƙin ciki don ya kasa rabuwa da dukiyarsa. Sai fasto ya ce kowa ya tambayi kansa: in Ubangiji ya ƙwanƙwasa ƙofarka yau, mene ne za ka yi sauri ka ɓoye? Daidai lokacin Mai Wasiƙa yana miƙa wuya ta taga, yana duba ko tsuntsu ya ɓata masa rufin mota. Ya janye wuyansa a hankali. Makullin da ke aljihunsa ya yi masa nauyi kamar dutse.

Kwana uku yana juya maganar, abinci ma sai ya tsakura ya ture. Ran Laraba da hantsi ya shiga ofishin fasto, ya ɗora makullin a kan tebur.

"Ga ta nan. A sayar, a raba wa mabukata."

Fasto ya dubi makullin, ya dubi yatsan da har yanzu ke danne da shi, ya yi murmushi. "Baba, bakinka ya bayar, amma yatsanka bai ji labari ba."

Mai Wasiƙa ya janye hannu da kunya.

"Akwai wanda Ubangiji zai ce masa ya sayar," in ji fasto. "Ko kai ne, wannan tsakaninka da shi ne. Ni abin da na sani, muna da tsofaffi da suka yi watanni ba su zo sujada ba saboda ƙafa. In an sayar, kuɗin zai ƙare, ƙafar tana nan tana ciwo. Kuma duk ikilisiyar nan babu wanda ya san lunguna kamarka."

"Wato in riƙe ta?"

"Ka riƙe wa Mai ita."

Lahadin da ta biyo ya fara da gidan wani tsohon tela, sannan ya tsaya ƙofar wata tsohuwar ungozoma da ke tafiya da sandar ƙarfe. Tana ƙoƙarin shiga, sandar ta goga jikin ƙofa, ƙiiii. Har cikin haƙoransa ya ji ƙarar.

"Ɗana, na yi maka ɓarna," ta ce.

Ya zagayo ya duba. Farin zane ne, ya kai tsawon taƙi. Ya tsaya yana jiran gabansa ya faɗi, shiru. Sai ma dariya ta kuɓuce masa, har matarsa ta juyo tana kallonsa kamar baƙo.

"Iya, kin hutar da ni. Wata takwas ina kwana da fargabar wannan ranar. Shiga, shiga, miƙo sandar."

A hanya tela ya roƙi a sauke masa gilashi. Rabonsa da fita ya kai wata bakwai, kowane sabon gini sai ya tambayi na wane ne. Ungozoma kuwa duk wanda suka wuce sai ta ce ita ta karɓi haihuwarsa. Can ta ɗauko wata tsohuwar waƙar yabo, tela ya karɓa da muryarsa mai kama da tsohon keken ɗinki, Mai Wasiƙa na buga sitiyari da yatsu. Da suka isa, mutane suka fito suna rungumar tsofaffin, har aka makara fara sujada ba wanda ya damu.

Abin bai tsaya a Lahadi ba. Talata asibiti, Juma'a kasuwa, wata rana maƙwabciya mai naƙuda. Kujerar baya ta sha ɓawon lemo da laka, shi kuwa ya ƙara ƙiba, ya daina kwana da kunne ɗaya a waje.

Wata Alhamis yana shirin fita, matarsa ta tare shi a ƙofa da jaka a kafaɗa.

"Maigida, mu 'yan zumuntar mata za mu riƙa ziyarar marasa lafiya, kai kuma ba ka rabuwa biyu. Yau za ka fara koya mini tuƙi."

Ya dubi sama, ya dubi motar, sannan ya zagaya ya zauna a kujerar fasinja ya ɗaura bel sosai.

"Wanne ne birki?" ta tambaya.

"Na tsakiya. Amma tsaya, uwargida, bari mu yi addu'a tukuna."

Ya rufe ido ya fara. Bai kai ga amin ba ta tayar da motar, suka fita ƙofar gida da tsalle biyu, ita tana dariya, shi yana ƙara tsawon addu'ar.