Ƙafar Hagun Makaɗi

Kiɗan ya yi nisa sosai lokacin da tela ya ji ƙafar hagun maƙwabcinsa ta tsaya.

Ba wanda ya lura a zauren. Makaɗin na zaune shi kaɗai a kan dandamali, ganguna biyar sun kewaye shi. Shekara talatin yana kiɗa a bayan mawaƙa, sai yau aka ba shi fili shi ɗaya. Da farko mutane na ta hira, suna leƙen ƙofa ko mawaƙi zai shigo. Yanzu kuwa ko tari babu. Ƙaramar ganga na tambaya, babbar ta ƙasa na amsawa, kamar mutum biyu na gardama a tsakar gida.

Amma tela ya san kiɗan nan, don ta bangon gidansa yake jin sa. Kullum yana taka keken ɗinkinsa daidai da "cas, cas" ɗin faifan ƙarfe biyun da ƙafar hagu ke haɗawa. Duk haukan da hannuwa za su yi, ƙafar nan ba ta taɓa fashi ba.

Ya juya wajen 'yar makaɗin, wadda ke riƙe da jakar maganin zuciyar mahaifinta.

"Ƙafarsa ta tsaya."

"Salo ne, Kawu," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ji yadda aka yi tsit."

"Ba salo ba ne. Dubi kafaɗarsa."

Kafaɗar hagu ta sauka, gumi ya jiƙa rigar sharkaf. 'Yar ta yunƙura za ta tashi. Daga can sama makaɗin ya dube su, ya girgiza kai sau ɗaya.

"Kawu, hau ka ƙwace sandunan nan!"

"In na ƙwace, ba zai yafe mini ba."

"In ba ka ƙwace ba fa?"

Tela ya miƙe. Ya je bakin dandamali, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala, ya tsaya nan. Sandar hagu ta suɓuce ta faɗi. Makaɗin ya ci gaba da hannun dama kaɗai, a hankali, ganga bayan ganga, har ya rufe da bugu uku masu nauyi. Zauren ya ɓarke da tafi. Sun ɗauka da gangan ya yar da sandar.

Makaɗin ya sulale daga kujerarsa, tela ne ya tare shi kafin ya kai ƙasa.

"Kai da kunnenka na tsiya," makaɗin ya ce da kyar, "ka ji, ko?"

"Na ji, maƙwabci."

"To kada ka gaya wa kowa na yi fashi."

Washegari da hantsi ya rasu a asibiti.

Ranar da aka dawo da gangunan, 'yar ba ta gaida tela ba. Ta dai riƙe masa ƙofa, ya shiga da su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a ƙarƙashin taga. Iska na ɗaga bakin labule, yana shafar fatar ƙaramar gangar yana komawa.