Hoton Gwaggo a Bango

Da aka rage hasken zauren taron likitocin, hoto na bakwai ya fito ya cika bango. Mace ce zaune a bakin gadon asibiti, zanenta a sauke zuwa ƙugu, ciwon daji ya cinye mata nonon hagu. Ba a rufe fuskar ba. Ƙaramar likitar da ke layi na huɗu ta ji alƙalami ya suɓuce daga hannunta. Gwaggonta ce, ƙanwar mahaifinta, wadda ta goye ta.

Ita ce ma ta ɗauki hoton. Farfesa, shugaban sashen tiyata da take koyon aiki a ƙarƙashinsa, shi ya miƙo mata wayarsa ran nan ya ce ta ɗauka. Gwaggo ta riƙe bakin zane ta ƙi saki, sai da ta lallashe ta. "Na fayil ne kawai, Gwaggo. Daga ni sai babban likita."

"Ga irin abin da suke kawo mana," in ji Farfesa, yana yawo da jan ɗigon haske a kan ƙirjin. "Sai sun gama zagaye masu saiwoyi, abu ya ruɓe, sannan a tuna da mu."

Aka yi 'yar dariya. Wayoyi suka tashi sama, ana ta ɗauka.

Gwaggo ba ta taɓa zuwa wurin mai saiwa ba. Tun kullutun bai kai ƙwayar gyaɗa ba ta zo asibiti da ƙafarta. Zuwan farko na'ura ta lalace. Na biyu, naman da aka yanka don gwaji ya ɓata tsakanin ofis da ofis. Na uku, Farfesa ya tafi wani taro irin wannan. Wata takwas aka yi ana ce mata ta dawo.

Da aka ba da damar tambaya, hannun likitar ya fara ɗagawa. Abokiyar aikinta ta damƙe mata gwiwar hannu.

"Ke, kina da hankali kuwa?" ta raɗa mata. "Jarrabawa saura wata biyu, wa zai sa miki hannu? Kuma wa zai duba tsohuwar ranar Litinin?"

Hannun ya koma kan cinya. Aka tafa.

* * *

Lokacin hutu ta sami Farfesa a bakin ƙofa, kofin shayi a hannunsa, baƙi sun kewaye shi. Ta jira har ya waiwayo.

"Ranka ya daɗe, hoton nan... fuskar ba a rufe ba. Kuma ba a tambaye ta ba."

"Au, 'yar uwarki ce ko? Na manta." Ya kurɓi shayi. "Ai ta taimaki ilimi. Kin ga sunanki a shafin godiya? Ba kowa nake sakawa ba."

"Na gani, ranka ya daɗe. Na gode."

Ta ji kalmar ta fita daga bakinta da kanta. Ta shiga banɗaki ta kunna famfo, ta tsaya tana kallon ruwan har aka kaɗa ƙararrawar komawa.

* * *

Washegari da hantsi ta je wanke wa Gwaggo ciwon. Ɗakin na warin magani da wani warin da turare ya kasa dannewa. Gwaggo ta kori jikokinta waje, ta jingina da bango da ƙyar.

"'Yar nan, an ce manyan likitoci ne suka taru. Kin yi musu maganata?"

"An yi maganarki, Gwaggo."

"Kai, madalla! Me suka ce?"

Ta jiƙa auduga, ba ta ɗago ba. "Sun ce a ci gaba da magani."

"Allah ya yi miki albarka. Na san ba za ki bar ni ba."

Wayarta ta yi ƙara a kan tabarma. Saƙo ne daga wani likita da suka haɗu a taron. An ce masa ita ta ɗauki hoton, ko za ta samo masa na asali? Nasa bai fito sosai ba, kuma yana so ya nuna wa ɗalibansa. Ta kifa wayar. Wayar ta sake yin ƙara.

Gwaggo ta runtse ido saboda zafin maganin, ta ja numfashi.

"Amsa musu mana, 'yar nan, kar ki bar manya suna jira. Ni ai ina nan."