Arabiyar Abu Talal

Maigidana Abu Talal, mai shagon turare a unguwar Misfala, ƙafafunsa ƙalau suke. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɓata tausayinsa a banza. Mutum ne da ke hawa benen gidanmu da buhun shinkafa a kafaɗa bai yi haki ba. Ciwonsa ɗaya a duniya, ya tsani layi.

A nan Makka kuwa kowa ya san maganin layi: arabiya, wato keken marasa ƙafa. Kana zaune a kai, mai tura ka na faɗin "Hanya, ya Hajji, hanya!", sai ka ga jama'a sun dare. To da ɗanmu Talal ya yi mana kyautar tafiya a wani ɗan jirgin ruwa na 'yan hutu da ke tashi daga Jidda, sai Abu Talal ya ji labarin ɗakin masu larura ya fi sauran faɗi, kuma su ake fara shigarwa. Washegari sai ga shi da arabiyar aro.

Na ce, "Abu Talal, ka ji tsoron Allah. Idan aka gane fa?"

Ya ce, "Wa ya san ni a tsakiyar teku, Rabi'atu? Ke dai tura."

Mutumin da ko hularsa ta karkace sai ya tambaya ko wani ya gani, shi ne ya ɗora mutuncinsa kan taya huɗu. Na tura.

A tashar jirgi abin ya yi masa daɗi. Aka wuce da mu gaban masu jakunkuna, aka ba shi tawul mai sanyi, yana ɗaga wa mutane hannu sai ka ce ango. Ɗakin ma ba laifi: ƙofa mai faɗi, bayi da ƙarfen kamawa ko'ina. Daga bakin ƙofar ɗakin ne gatan ya ƙare.

Kowace ƙofa a jirgin nan tana da ɗan tudun ƙarfe a ƙasa don tare ruwa. Ni ke ɗaga gaban keke, ni ke ɗaga baya, da ƙaton namiji a ciki yana ce mini in yi a hankali. A wurin cin abinci an jera tukwane a kan teburin da ya kai ƙirjin mai tsayuwa, shi daga ƙasa sai ƙamshi. Ma'aikatan kuwa, masu fara'a kamar an biya su don haƙora, ba wanda ya taɓa yi masa magana. Ni suke kallo.

"Madam, me zai ci? Yana iya tauna nama?"

Mutumin da ke fasa ƙashin rago da haƙori! Romo suka kawo masa, da cokali mai kauri.

Lif ɗin da ke hawa da mu bai kai saman jirgi ba, can inda ake shan iska ana gasa kifi. Sauran hanyar matakala ce. Da muka yi magana, sai wata ma'aikaciya ta ajiye shi gaban wata taga kusa da ɗakin wanki, ta rufa masa bargo a gwiwa, ta ce tekun ai duk ɗaya ne. Ranar da aka sauka wani tsibiri a ƙananan kwale-kwale, aka ce keke ba ya shiga. Kowa ya tafi. Aka bar mu da wani dattijo Bamisire da ba ya da ƙafa ɗaya, yana ta ba Abu Talal haƙuri, wai za a saba. Wallahi ranar kunya ta hana ni cin abinci.

Da yamma ya ce halas, ya isa haka, gobe zai miƙe ya ce ya samu sauƙi. Ina tura shi zuwa ɗaki kenan sai na ji salati a bayanmu.

"Innalillahi! Abu Talal? Kai ne haka?"

Hajiya Mujahida ce ta unguwar Rusaifa a Makka, ƙawar surukata, matar da ba ta ajiye waya ko a wurin gaisuwar mutuwa. In ya ce ƙarya ce, kafin magariba Makka ta ji. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Jarrabawa ce, Hajiya." Tana kuka tana ɗaukar hoto.

Sauran tafiyar a zaune ya yi ta, don Hajiya ta ɗauke mu aikin lada, ko bayi za shi tana bakin ƙofa tana yi masa sannu.

Da muka dawo Misfala, layinmu ba wurin ajiye mota. 'Yan dubiya ne, da kulolin abinci da jarkokin zamzam. Maƙwabta har sun shimfiɗa katako a kan matakalar ƙofar gida. Abu Talal ya ja bargonsa, ya langaɓar da kai, yana amsa addu'a da ƙaramar murya.

Sai ga mahaifiyarsa, Umma Safiyatu, a saman bene. Tsohuwar da gwiwa ta hana saukowa tun azumin bara, ga ta tana bin bango, ba mayafi, tana kiran sunansa na yanka, "Mukhtaru! Mukhtaruna!" Ƙafarta ta zame.

Ban ga lokacin da ya tashi ba. Bargon kawai na gani a ƙasa, shi kuma yana tsakiyar bene da uwarsa a ƙirji. Layin ya yi tsit, har keken da ya bari ana jin gangarawarsa a kan katako.

Umma ta dubi ƙafafunsa. Ta shafa ɗaya, ta shafa ɗayar.

"Ƙarya ce, Mukhtaru?"

"Ƙarya ce, Umma."

"Alhamdulillah," ta ce, hawaye na zuba. "Alhamdulillah."

Sannan ta sunkuya ta ciro takalminta.