Ai Ɗaya Ma Ta Isa

Sista Doguwa ce ta kunna wutar. Ita ta riƙa bin nas-nas ɗaya bayan ɗaya, a ɗakin canja kaya da bakin famfo, har suka yarda a tunkari shugaban asibitin a ce masa hannu ya yi kaɗan. Ba wai gwanar magana ba ce, nauyin baki ma gare ta. Amma tun ranar da wata tsohuwa ta cika a gadon ƙarshe, ita tana can gadon farko tana danne mai jijjiga, abin ya tsaya mata a rai. Ko mijinta ba ta ba labarin ba. Yau take son ta faɗe shi a gaban shugaban, ko ta samu ta sauke.

To a aikinsu ba a barin ɗaki sai an miƙa shi hannu da hannu, gado bayan gado. Wadda ta yi alkawarin zuwa ta riƙe musu kuwa, ɗanta ya tashi da zazzaɓi. Sai su biyu a ɗakin mata, ita da abokiyar aikinta mai tsohon ciki.

Mai cikin ta ce, "Yaya, ki je taron, ni zan tsaya. Ke ce fa uwar tafiyar."

"Ke da wannan tulun? In kin sunkuya ɗaga mara lafiya wa zai ɗago ki? Wuce ki cika musu kujera."

Ta rage ita kaɗai. Ta canja ƙarin ruwa, ta juya mai shanyewar jiki, ta goge amai, ta rarrashi wata da ke kukan a sallame ta. Ruwa ma ba ta kurɓa ba. Ta taga takan jiyo tafi daga zauren taro, ba ta san wa ake wa ba. Kaɗaici ya kama ta sosai, ga mutane cike da ɗaki amma babu wanda za ta ce wa ta gaji.

Da la'asar shugaban ya ce zai zaga ya gani da idonsa. Ya shigo, nas-nas na biye da shi. Ya tarar da ɗaki tsaf, kowa ta sha magani, zannuwa a miƙe. Doguwa dai ba ta iya aikin ha'inci ba, ko don ta ci gardama.

"Sista, ke kaɗai ce tun safe?"

"Ni kaɗai, ranka ya daɗe."

Ya juya ya dubi sauran yana murmushi. "To kun gani? Ai ɗaya ma ta isa."

Babu wadda ta kalle ta. Ta buɗe baki, labarin tsohuwar nan na kan harshenta, sai wata murya daga can ƙurya ta ce, "Sista, numfashina!"

Ta ratsa ta tsakiyarsu da gudu.