Tarkuna Shida a Fadama

Ikrima ya faɗi a babur ranar Talata ya karye a ƙafa, shi ya sa aikinsa ya faɗo kaina. Mu biyu ne malaman gona masu kula da wata fadama can arewa da Ɗambatta. Shi ya kafa tarkunan sharon guda shida makonni uku da suka wuce, a cikinmu kuma shi kaɗai ya san inda suke. Abin da ya turo mini daga gadon asibiti ɗigo shida ne a taswirar waya, da 'yar kibiya mai nuna hanya.

Wanda bai taɓa noman tumatur ba ba zai gane abin da ya sa sunan sharon ke faɗar mana da gaba ba. Ɗan ƙwaro ne mai fiffike, bai fi ƙwayar shinkafa ba, baƙo ne kuma, 'yan shekarun baya ya shigo mana daga wata ƙasa. Yana saka ƙwai a ganye, tsutsar ta shige cikin ganyen ta ci, ta wuce cikin 'ya'yan. Gona kore shar, mako biyu ta koma kamar an babbaka. Tarkon kuwa roba ce da ruwan omo, an rataya ɗan abu mai ƙamshin macen ƙwaron a samanta. Mazan su biyo ƙamshi su faɗa ruwa, mu ƙirga.

Manoman fadamar sun riƙe dashensu suna jiranmu. Ranar Alhamis bayan azahar za su taru a gindin tsamiya su ji ko a dasa, ko a dakata a yi magani tukuna. Sau uku Ikrima yana rubuta sifili. Ƙirgata ce ta ƙarshe, kuma abin da na faɗa shi za su bi.

Ranar Alhamis ɗin da ƙarfe bakwai na safe na sauka daga mota, na naɗe ƙafar wando, na shiga. Kibiyar ta ce mita ɗari biyu gabas. Ita ba ruwanta da cewa gabas ɗin taɓo ne har gwiwa. Na zagaya ta kan kunya, ta juya ta ce na wuce. Na dawo, ta ce saura mita huɗu, na tsaya ina waige-waige kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Sai da na zagi Ikrima a zuci, na tuna yana kwance, na nemi gafara, sannan na hango jar robar a bayan ciyawar kacala.

Babu komai a ciki. Ruwan garau.

Na rubuta sifili na wuce. Ta biyu tana gefen rijiyar ban-ruwa, ita ma haka. Ta uku na sha wuya kafin na same ta, don ɗigon ya kai ni tsakiyar kududdufi, ita kuwa tana can ƙetare. Ya kamata in ji daɗi, sifili shi kowa ke fata. Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Ruwa a buɗe a fadama, ko sauro ɗaya bai mutu a ciki ba? Ko ɗan ganye? Randar gidanmu da ake rufewa ba ta kai wannan tsabta ba. Na tsoma yatsa na murza, ban ji santsin omo ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Na kira Ikrima, waya a kashe. Na duba agogo, na ƙara sauri. Ta huɗu har da ɗan dutse aka tokare ta don kada ta karkace.

A ta biyar na tarar da mutum. Dattijo ne a tsugune, ya tuntsurar da ruwan robar a ƙasa, yana cuɗa ta da yashi da dukan ƙarfinsa. Na san shi, Baba Ɗanasabe ne, wanda gonarsa ke ƙarshen fadamar.

"Baba! Me kake yi?"

Ko gaisuwa ban yi ba, kuma har yau ina jin kunyar haka. Shi ya gaishe ni.

"Malama Zulfa, sannu da zuwa. Yau na makara ne, jikata ba lafiya. Ya jikin Malam Ikrima?"

"Da sauƙi. Baba, wa ya ce ka wanke wannan?"

"Ai amana ce. Ranar da ya kafa su ya ce mini, Baba, ga kayanmu nan, a sa mana ido." Ya ɗauraye robar ya ɗaga ta yana dubawa. "To kullum da safe sai in tarar ƙwari sun ɓata ruwan. Kayan baƙo a wurinmu, ya zo ya same su da ƙazanta? Ina zan sa fuskata? Duk shidan nake bi kafin rana ta ɗaga."

"Kullum?"

"Ban tsallake ko Lahadi ba. Kafin coci nake zagayawa."

Na tsuguna inda ya zubar da ruwan. Ƙasar ta yi toka-toka da ƙwarin sharon, 'yan mitsi-mitsi, fiffike a manne, kamar an watsa dusa. Na fara ƙirgawa na bari a sittin.

Raina ya ɓaci, amma na rasa wanda zan ɗora wa. Ikrima da ya ga ruwa garau sau uku bai tambayi kansa komai ba? Ko ni, da na rubuta sifili huɗu da hannuna yau da safe? Mun kafa abu a gonar mutane, ba wanda ya tsaya minti biyu ya ce musu ƙazantar ita muke nema.

Na yi masa bayani a hankali. Ya saurara, robar na hannunsa tana ɗiga.

"Allah ya taimake mu," na ce, "tunda ba wanda ya dasa tukuna."

Ya ajiye robar.

"Baba?"

"Ni na dasa. Kwana goma ke nan. Irina ya girma yana neman wucewa, na tambayi Malam Ikrima, ya ce ko ɗaya babu a tarko. Na dasa duka."

Ta shida ba sai da waya ba, a tsakiyar gonarsa take, kuma bai kai gare ta ba tukuna. Muka tafi, yana gaba ina biye. Ruwan ba ya ganuwa, ƙwarin sun rufe shi ruf. Na durƙusa na juya ganyen dashe na farko. Ga farin tabon nan na sharon, 'yar tsutsa na motsi a ciki. Na juya na biyu, na uku, na tsallaka wata kunyar na juya. Na daina juyawa, don yana kallon hannuna.

"Malama," ya ce, "da ban wanke ba, da an gane?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Na ce, "Da an gane, Baba. Amma laifinmu ne da ba mu faɗa maka ba."

Ya daɗe yana kallon gonar. Sannan ya cire hularsa ya naɗe ta gammo, ya sunkuya ya ɗauki robar da hannu biyu.

"A'a, ba wankewa zan yi ba," ya ce da ya ga na zabura. "Gindin tsamiya zan kai ta. In kika ce musu akwai, wasu za su ce ai Malam Ikrima ya ce babu. Bari su gani, in gaya musu da bakina abin da na yi."

Ya aza ta a ka, ya kama hanya a hankali don kada ruwan ya zube.