Wincin Tobiya

Duk wanda ya san unguwar Sintali a Jalingo ya san rumfar Salihu mai walda. Ƙofofi yake yi da tagogi da amalanke, kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. To, rannan da hantsi, damina ta yi tsakiya, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin rumfar. Noah ne, masunci daga bakin Binuwai wajen Lau, wanda yakan kawo bandar kifi Kasuwar Jalingo. Shi da mai keken suka sauko da wani buhu suna nishi.

"Baba Salihu, na kawo maka aiki."

"In kifi ne ajiye can. In rigima ce, koma da abarka."

Noah ya kwance buhun. Winci ne, wato ƙarfen nan mai hannun juyawa da ke naɗe igiya, ya kusa kai turmi girma, duk laka ta toshe shi. Ya ce kwale-kwalensa da iska yake tafiya, tamfol yake ɗagawa a jikin doguwar gora, kuma jan igiyar tamfol ɗin ya gama masa da kafaɗa. Yana so a gyara wannan a kafa masa.

"Na Tobiya ne," in ji shi.

Salihu ya dubi wincin. Ya san Tobiya, yayan Noah. Bara iska ta kifar da jirginsa a tsakiyar kogi, har yau ba a ga gawarsa ba.

"Ina ka samo shi?"

"Taru ne ya kamo. A wurinmu, abin da kogi ya dawo da shi ba a yarwa. Ɗan'uwa ne zai ɗauka ya yi aiki da shi. In ka ƙi, mai shi ka ƙi."

Salihu ya tsuguna ya kankare lakar da farce. "Jirginka ya kai nasa?"

"Ina! Nawa ƙarami."

"To saurara, ɗan kogi. Wannan daga jikin janwe aka ciro shi, an yi shi ne don fid da mota daga rami. Ka ga haƙorin nan? In ya ciji igiya ba ya saki. Ƙaramin jirgi ƙaramin winci yake so, wanda in iska ta taso za ka sake shi da hannu ɗaya. Wannan zai riƙe tamfol har ruwa ya shigo maka. Bari in ƙera maka daidai kai."

Noah ya yi dariya. "Ɗan Fulani, kai da ko kwata sai ka yi bismilla kafin ka tsallaka, kai za ka koya mini ruwa? Wanke shi kawai. Kar ka cire komai, ko haƙori ɗaya. Yadda ya fito haka zai koma aiki."

Da ya tafi, Salihu ya wanke wincin da kananzir, ya shafa giris, ya ɗaure shi a kan teburin ƙarfe inda rana ke bugawa. Ranar ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Amma da azahar, ƙasar ƙarƙashin teburin ta jiƙe, tana warin laka da ɗanyen kifi. Ya goge ƙarfen. Kafin ya ninke tsumman, wani gumin ya sake tsattsafowa.

Yana cikin cin ɗanwake, ya ba wa teburin baya, sai ya ji ƙas. Ya dakata da cokali a baki. Ƙas. Ya waiwaya. Hannun wincin da ya bari yana kallon titi, yanzu yana kallon bango.

Salihu mutum ne da ya ga jiya ya ga yau, ba ya ihu a kan abin da bai gwada ba. Ya samo guntuwar igiya ya naɗa, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin wani mataccen injin mota da ƙarti biyu ba sa ɗagawa, ya tafi sallar la'asar. Da ya dawo, injin yana manne da ƙafar teburin. Ga sawun da ya ja a cikin yashi kamar garma ta wuce. Igiyar ta miƙe tsam, ruwa na ɗiga daga jikinta, kuma juyin duk wajen ja ne, babu ko ɗaya wajen saki.

Ya daɗe a zaune yana kallon abin. In ya ƙi aikin, Noah zai kai wa wani mai walda a Majidaɗi, a kafa masa shi da gaske. In ya cire haƙorin, kunnen Noah zai gane. Sai ya tashi ya shiga kasuwa ya zaɓo noti masu kauri, irin waɗanda ido ke gani ya natsu. Ya sa zarton ƙarfe ya yanka kowanne ta ƙarƙashin kai, ya bar abin da bai fi kaurin tsinke ba, ya cike yankan da baƙin giris.

Ranar kafawa suka tafi Lau tare. Jirgin na kan yashi, siriri, ga tamfol shuɗi a naɗe. Salihu ya huda katakon, ya zaunar da wincin, ya ɗaure notin a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Noah ya bubbuga su da yatsa.

"Yawwa, Baba. Wannan ko giwa ba ta cirewa."

"Ai kuwa," in ji Salihu.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, amma Noah ya ce gwaji ne kawai. Ya tura jirgin, ya ɗaga tamfol, ya juya wincin, jirgin ya miƙa cikin kogi sumul. Salihu na tsaye a gaɓa, takalmansa a hannu.

Sai iska ta sauko gaba ɗaya. Tamfol ya kumbura, jirgin ya karkata. Salihu ya hango Noah ya kai hannu zai ɗaga haƙorin, ya ja, ya sa hannu biyu, ya sa ƙafa. Can ya ga ya ja da baya, ya saki komai. Hannun wincin na juyawa, ba wanda ke riƙe da shi. Duk da kukan iskar nan, duk da nisan nan, Salihu ya ji shi a kunnensa kamar a cikin rumfarsa: ƙas, ƙas, ƙas. Gefen jirgin ya sha ruwa.

"Karye mana," in ji Salihu, ba da kowa ba. "Karye."

Ƙara ta tashi kamar an fasa itace. Wincin ya tumɓuke, ya yage kusurwar tamfol, ya faɗa kogi da igiyarsa. Jirgin ya yi tangal-tangal ya miƙe.

Noah ya iso gaɓa da sandar tuƙi. Ya zauna a bakin jirgin, ya zaro guntun noti daga katako, ya goge giris ɗin da babban yatsa. Sawun zarto na ƙyalli. Ya dubi Salihu ya daɗe.

"Ban ƙi shi ba," in ji Noah a hankali. "Na ɗauka. Na kafa. Shi ne ya koma."

"Shi ne ya koma."

"Ƙaramin nan da ka ce, Baba."

"Marar haƙori. Zan yi maka."

Iska ta kwanta kamar ba a yi ba. Can tsakiyar kogi ƙyallen tamfol ɗin nan shuɗi yana bisa ruwa, kuma ruwan da ke tafiya da rassa da ciyayi bai tafi da shi ba. Suna kallo ya nutse kaɗan, ya tsaya. Ya ƙara nutsewa, ya tsaya, kamar akwai mai naɗewa daga ƙasa, ba ya gaggawa. Haka ya yi ta yi har shuɗin ya ɓace.