Alkamar da Evanthia Ta Ƙi Dafawa

"Ba zan dafa ba, Mama," in ji kakata Evanthia. Ta ture ƙwaryar alkamar ta mayar gaban surukarta.

A lokacin amarya ce, aurenta da kakana Stamatis bai cika shekara ba. Shi matuƙin jirgin saman yaƙi ne. Da Jamusawa suka mamaye ƙasarmu, wani abokin aikinsa ya hauro ƙauyenmu a saman dutsen Pelion, ya ce da idonsa ya ga jirgin Stamatis yana hayaƙi ya faɗa teku. Marigo, mahaifiyarsa, ta sa baƙaƙen kaya tun ranar. Da kwana arba'in suka cika, ta auno alkama da rumman da zabibi, domin a wurinmu matar mamaci ce ke dafa alkamar da ake kai wa coci a yi masa addu'a. Daga ranar da ta dafa, ta zama matar marigayi a idon kowa.

"Ke yarinya, ɗana kike so ya kwanta babu addu'a?"

"Ku kawo mini ko takalminsa ɗaya, in dafa muku tukunya biyu. Ba a dafa wa mai rai alkama. Kiran mutuwa ne."

Fada, limamin cocinmu, ya zo ya yi lallashi, ya yi faɗa. Ya ce mata coci na raba wa matan sojojin da suka mutu garin burodi, kuma yunwa na tafe. Ta ce a ba waɗanda mazansu suka mutu. Marigo ta dafa alkamar da kanta, ta raba kayan ɗanta ga mabukata kamar yadda ake yi, sannan ta ce gidanta ba zai ɗauki mace mai yawo da jan ɗankwali a kan kabarin ɗanta ba.

"Wane kabari?" in ji kakata. Ta ɗauki bargonta ta koma rumfar awaki da ke ƙasan gonar zaitun.

A nan ta yi sanyin shekarun yaƙi. Tana tsintar zaitun a gonakin mutane, tana dafa ganyen daji. Mata suka daina amsa gaisuwarta a bakin rijiya. Suka sa mata suna Matar Kifi, wai mijinta na ƙarƙashin ruwa. Kowace Lahadi sai ta wanke jan ɗankwalin, ta ɗaura, ta shiga coci ta tsaya a sahun matan aure.

Ashe masunta ne suka tsamo Stamatis, ya ƙetara zuwa Masar, ya ci gaba da tuƙi har yaƙi ya ƙare. Ya iso ƙauye ranar kasuwa da rana tsaka, yana jan ƙafar hagu. Mutane suka dare. Mutum na farko da ya tarar shi ne mai gyaran takalma, sanye da kwat ɗinsa da aka rabar.

"Lazaros, wannan ba kwat ɗina ba ce?"

Lazaros ya fara kiciniyar cirewa.

"Bar ta, ta fi yi maka kyau. Ina matata?"

Ya same ta a kan tsani tana kaɗa zaitun. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ba ta sauko ba.

"Ka makara," ta ce. "Kuma ka rame. Riƙe mini tsanin."

Marigo ta suma, ta farfaɗo, ta sake suma. Kashegari ta sauko har rumfar awakin da ƙafarta, ta ɗauki bargon surukarta ta kai gida.

Ƙafar ta hana kakana komawa sama. Ya sayi wata ruɓaɓɓiyar motar soja da aka jefar a birnin Volos, ya gyara ta da hannunsa, ya fara saukar da tuffa da zaitun na ƙauye zuwa tashar jiragen ruwa, a kan hanyar da alfadarai kaɗai ke bi. Yana tuƙi kamar har yanzu yana cikin gajimare, kakata a gefensa tana riƙe da ƙofar da ba ta rufuwa. Mota ɗaya ta zama biyu, ta zama kamfani, har tuffar ƙauyenmu ta kai kasuwannin Jamus. Wannan ya fi komai yi masa daɗi. Kowace mota ya rubuta mata Evanthia a goshi. Da ribar ya kai 'ya'yansa mata makaranta, mu jikoki kuma jami'a.

Ranar bikin cikar aurensu shekara sittin, an jera tebura a dandalin ƙauye, direbobinsa sun cika hanya da ƙaho. Ya miƙe da sandarsa ya ba da labarin kamar kullum.

"Sojojin sama sun binne ni, coci ta binne ni, uwata ta binne ni. Wannan tsohuwar mai taurin kai ce kaɗai ta ƙi."

"Zauna, tsoho, kafin ka sake faɗowa," in ji ta. Dandali ya kece da dariya.

Ina kusa da ita ina yanka mata nama. Na ce, "Kaka, da ni ce ma haka zan yi."

Ta kalle ni, ta ajiye cokali. Kakana ya zauna, ya ɗora hannunsa a kan nata.

"To ki sani kafin ki yi," ta ce. "Ina da ciki lokacin da na ƙi garin cocin. Namiji ne. Na haife shi a rumfar, nonona babu ruwa, bai ga bazara ba. Na yi gaskiya, kakanki na da rai. Abin da gaskiyar ta ci ke nan."